Kurus kwantirol na kasuwa a ƙaramar Jimny: ya dace da hanyoyinmu na Sakkwato?

Mai Jimny na Arkilla:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga masu wayarin da waɗanda suka daɗe a kan kwalta. Ina da Suzuki Jimny, ƙirar nan da aka yi daga 1998 zuwa 2018, injin lita 1.3, giyar hannu. Aiki yana kai ni Tambuwal da Jega, daga can kuma sai in saki kwalta in shiga ƙauyuka cikin rairayi, shi ya sa ba ni da niyyar rabuwa da ita. Damuwata gwiwar dama ce. Kafin in wuce Shagari ƙafar ta riƙe, don motar ba ta zama a gudu ɗaya sai kana danne da totur. Na ga ana sayar da na'urar riƙe gudu, kurus kwantirol, wadda ba ta kamfani ba, ana ɗaurawa daga baya. Akwai wanda ya taɓa sa wa ƙaramar mota irinta? Kuma a nan cikin gari akwai hannun da zai iya aikin, ko sai Kano?

Direban Illela:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, ni dai ban ba ka wagga shawara ba. Wanga abu na hanyar Turai na, inda anka kange titi, ba akuya ba jaki. Nan hwa? Ka bi hanyar Kware zuwa Gwadabawa ran Lahadi, kasuwar Illela tana ci, raƙumi shina hitowa daga bayan icce ba sallama, ga amalanke, ga 'yan kabu-kabu ɗauke da buhun albasa. In ka bar ma mota totur, hankalinka ma ya tahi tare da ƙahwarka. Direban da ƙahwatai ta huta, barci shika yi. Mun gani ga waɗanda ke da manyan motoci.

Ɗan Jami'a:
Ba ita ce 'yan kiyaye haɗurra suka tilasta wa motocin haya ba? In ita ce ai akwai masu sa ta a gari.

Oga Wayarin:
A'a ƙanena, abu biyu ne daban. Wadda hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya a Oktoban 2016 mai ƙayyade gudu ce. Tana hana mota wuce wani mizani ko da ka take totur har ƙasa, amma ƙafarka na nan a kai. Kurus kuwa shi ke karɓar totur ɗin daga ƙafarka. Ka kai mota gudun da kake so, ka danna maɓalli, ya riƙe ta a nan har sai ka taɓa birki.

Malam Mai Jimny, aikin yana yiwuwa, kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1958 kamfanin Chrysler ya fara sa shi a motocinsa a Amurka, wanda ya ƙirƙiro shi ma, Ralph Teetor, makaho ne. Amma kafin ka tura kuɗi ko'ina, buɗe bonet ka duba abu ɗaya: totur ɗinka na igiya ne ko na lantarki? In ka ga wayar ƙarfe cikin baƙin kwanso ta taho daga wajen feda ta naɗe a bakin inji inda iska ke shiga, na igiya ne. In babu igiya, sai soket mai ƙananan wayoyi, galibi shida, a jikin fedar, na lantarki ne. Kada ka dogara da shekarar da ke takarda. Motocinmu 'yan Kwatano ne, an yi su don ƙasashe daban-daban, wasu ma an canza musu inji kafin su iso hannunmu.

Mai Jimny na Arkilla:
Na gode Oga. Zan duba bayan sallah. Mene ne bambancin a wajen aiki?

Oga Wayarin:
Na lantarki ya fi sauƙi. Akwatin kurus ɗin yana shiga tsakanin feda da ƙwaƙwalwar mota, ka zare soket, ka soka nasa, shi kuma ya riƙa aika wa ƙwaƙwalwar saƙo kamar ƙafa ce ke takawa. Sai dai fedar tana aika saƙo biyu a lokaci guda, ƙwaƙwalwar tana gwada su. In suka saɓa, fitilar inji ta kama, motar ta ƙi ja. Don haka dole ka sayi wanda aka yi wa ƙirar motarka, ba wanda mai shago zai ce yana shiga kowace mota ba.

Na igiya shi ne mai aiki. Ana kafa wata 'yar na'ura mai nata igiyar, a haɗa da ta totur, ita ke ja tana saki. Iri biyu ce. Akwai mai aiki da zuƙar iskar inji, akwai mai ƙaramin moto na lantarki. Ga injin 1.3 ni mai moto nake zaɓa, ga dalili: lokacin da ƙaramin inji ke fama da hawa, ga iyakwandishan a kunne, totur a buɗe, zuƙar nan raguwa take yi. Wato daidai lokacin da na'urar ke bukatar ƙarfi shi ne take rasa shi, sai ka ji motar tana sanyi a tsakiyar tudu. Ana iya ƙara mata tankin ajiyar zuƙa, amma ƙarin robobi ne a cikin bonet, kuma kowa ya san yadda zafin Afrilu da Mayu ke yi wa roba a garin nan, rana tana haura 40.

Bayan haka sai ta san gudun motar. Yawanci ana ɗaukar saƙon daga wayar da ke zuwa maleji. In babu, ana ɗaura maganaɗisu a jikin farfela da abin karantawa kusa da shi. Wannan na biyun ba na son shi ga mai shiga daji, ciyawa da laka suna tsinka wayar.

Hajiya ta Mabera:
Sannunku da ƙoƙari. Ni RAV4 gare ni, kuma da na nemi a sa mini, mai gyaran ya ce ba sai an sayi akwati ba, wai abin yana cikin motar tun daga kamfani, sandar maɓallin ce kawai babu a jikin sitiyari. Ya nemo ta Beljiyam ya sa, tana aiki har yau. Malam, ka bincika ko taka ma haka take, kada ka kashe kuɗi a banza.

Oga Wayarin:
Gaskiya ne Hajiya, wasu Toyota masu totur na lantarki haka suke, aikin na cikin ƙwaƙwalwa, maɓalli kawai ake ƙarawa. Amma in tasa ta igiya ce babu wannan gatan, don ƙwaƙwalwar ba ta da hannun da za ta ja totur. Sabuwar Jimny ta 2018 zuwa yau, mai injin 1.5, wasu samfuranta suna zuwa da kurus daga kamfani. Tasa tsohuwar ce.

Kuma tunda kin ambaci sitiyari: duk wanda zai buɗe shi ya cire kan batir tukuna, ya ɗan jira, kuma kada ya kusanci soket mai launin ɗorawa. Na jakar iska ne. Ga Jimny ni ba na ma buɗe sitiyarin, sandar maɓallin a gefen wuyansa nake kafa ta.

Direban Illela:
Dud wanga bayani na ji shi, Oga, kuma na san ka san aikinka. Amma ba ka amsa mani ba. Mota tana gudu 100, jaki ya shigo. Wa ka taka birki, akwatin?

Oga Wayarin:
Kai za ka taka, Yaya. Irin wannan kurus ɗin ba ya gani, ba ya taka birki. Masu na'urar hangen gaba da ke rage gudu da kansu wani aji ne daban, ba su ake ɗaurawa daga baya ba. Ko a gangara, iyakarsa ya saki totur, in motar ta ci gaba da ƙara gudu sai kai ka tsayar da ita.

Direban Illela:
To ka gani. Magana ta ƙare.

Malama ta Runjin Sambo:
Ba ta ƙare ba, Baba Direba, a yi haƙuri in sa baki. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Abin tambaya shi ne ina ƙafar mutum take a wannan daƙiƙar. Mai danne totur sai ya ɗaga ƙafa ya matsar da ita kan birki. Mai kurus, in ya ajiye ƙafarsa a gaban birki, ya riga shi isa. In kuma ya naɗe ta ƙarƙashin kujera, ya makara sosai. Ga kuma mutumin da gwiwarsa ta sage tun daga Shagari, yaya takun birkinsa zai kasance a Tambuwal? Ni wannan ce ta fi ba ni tsoro.

Amma maganarka ta barci ba zan musa ba. Bayan azahar, ciki a ƙoshe, hanya ta miƙe, sanyin mota na kaɗawa, wanda ya gyangyaɗa da ƙafa a kan totur sau da yawa motar kan rage gudu. Wanda ya gyangyaɗa da kurus, da cikakken gudunta za ta bar titi. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma duk mai son sa abin ya riƙe ta.

Direban Illela:
Malama, Allah shi yi maki albarka. Rabin maganarki tawa ta.

Baba Mai Ritaya:
Ɗiyana, ku saurara. Na yi tuƙi tun hanyar Gusau tana siririya, kuma na hau motoci masu wanga abu. Kuna ta gardama bisa yadda shika riƙe mota. Ni abin da nika tambaya shi na yadda shika sakinta. Dokin da bai jin linzami ba a yabon gudunai. Oga, hwaɗa muna hanya nawa abin ga ka mutuwa in mutum ya so kashe shi, kuma in ɗaya ta lalace mi ka hwaruwa.

Oga Wayarin:
Baba, ka taɓo inda aikin yake. Allah ya ƙara girma. Wallahi rabin lokacin da nake ɗauka a irin wannan aiki a nan yake tafiya, kuma nan ne masu gaggawa ke tsallakewa.

Hanya ta farko birki. A saman fedar birki akwai ɗan makunnin da ke kunna jajayen fitilun baya. Waya ɗaya kullum da wuta, ɗayar sai ka taka take samun wuta. Kurus yana sauraron ta biyun, da ya ji wuta ya saki totur. Masu kyau an yi su yadda in fiyus ɗin birki ya ƙone ko wayar ta tsinke, ba za su ma yarda su kama ba. Haka ake so. In abu ya lalace, ya lalace a kashe.

Ta biyu kuloci, ga mai giyar hannu irin Malam. Ka ɗauka kurus na riƙe da mota, ka taka kuloci don canza giya. Mota ta fara rage gudu, na'ura ta ga gudu na sauka, sai ta ƙara jan totur, inji kuma ba kaya a kansa. Ihun da zai yi sai ka tausaya masa. Wasu akwatunan suna lura da juyin inji su yanke, amma ni ba na barin mota ta fita hannuna ba makunni a fedar kuloci.

Ta uku babban maɓallin kashewa, inda yatsa zai same shi ba sai an duba ba. Ta huɗu ba ta lantarki ba ce: igiyar na'urar dole ta kasance da ɗan sassauci, da sarƙa ko maɗauki, yadda in ka taka totur da ƙafa ba za ta lanƙwashe ta maƙale ba. Totur da ya maƙale a buɗe ya fi kowace matsala muni, don a nan ko ka kashe kurus ɗin bai saki ba.

In har hakan ta taɓa faruwa da wani, Allah ya kiyaye: taka kuloci ko ka mayar da giya firi, taka birki da ƙarfi, ka sauka gefe, sannan ka kashe. Kada ka murɗa makulli har ƙarshe mota na tafiya, sitiyari zai iya kullewa.

Ɗan Jami'a:
Oga, wani abokina ya sa a motarsa, fitilar maɓallin tana kamawa amma ya ƙi riƙe gudu. Mai wayarin ya ce akwatin jabu ne.

Oga Wayarin:
Tambaye shi ko ya canza ƙwayayen birki zuwa LED. Da yawan akwatunan nan ta cikin zaren ƙwan birki na gargajiya suke jin cewa layin lafiya lau yake. LED ba ta ba su wannan, sai su ɗauka layin ya tsinke su ƙi kamawa. Maganinsa rile guda ɗaya, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, ko a mayar da tsofaffin ƙwayaye. Abin da nake roƙo, kada wani ya ce zai yi dabara ya haɗa wayar da bodi kai tsaye don ya kama. Zai kama, amma ranar da ka taka birki ba zai ji ba. Sannan ya tuna yawancinsu ba sa kamawa in gudu bai kai wajen 40 ba, kada ya gwada a layin unguwa ya ce ba ya aiki.

Alhaji na Gawon Nama:
Ni tambayata ta mai ce. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa lissafin lita yake. Ana cewa abin yana rage shan mai. In haka ne ko ni zan sa.

Malama ta Runjin Sambo:
Alhaji, a shimfiɗaɗɗiyar hanya yana taimakawa kaɗan, don yana hana takawa da saki. A hanya mai hawa da sauka kuwa direba mai natsuwa ya fi shi, saboda direba yana barin mota ta ɗan rage a hawa ta rama a gangara, shi kuwa buɗe totur yake don ya riƙe lambar da aka ba shi. Inda ribar take shi ne gudun da ka zaɓa. Turjiyar iska tana ƙaruwa ninkin-ba-ninkin: daga 100 zuwa 120 ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Jimny kuwa gabanta a tsaye yake, tankinta lita 40 ne kacal. In na'urar ta sa Malam ya zauna a 80 maimakon ƙafa ta riƙa zarcewa, zai ga bambanci a gidan mai. Kuma 80 ɗin ita ce ƙa'idar motar gida a babbar hanya, 100 ta tagwayen hanya ce. Amma mutum ya saya don mai kawai, kuɗinsa zai daɗe bai dawo ba.

Alhaji na Gawon Nama:
To na fasa. Ƙafata lafiyarta lau, alhamdu lillahi.

Baba Mai Ritaya:
Ƙari ɗaya ga mai motar. Jimny gajera ta, tsakanin tayun gaba da na baya mita biyu da kwata, ga ta da tsawo sama. In tirelar siminti ta Kalambaina ta wuce ka, kai ka san yadda takan yi rawa. Kada ka kunna abin ga cikin ruwan sama, ko sanda hazon hunturu ya ruhe hanya, ko inda rairayi ya hau kwalta. Taya in ta sulɓe, ƙahwa tana ji ta saki, na'ura ba ta da wanga hankali. Cikin daji kuwa, ka sa giyar taya huɗu, ka manta da shi ɗungum.

Oga Wayarin:
Haka ne Baba. Ni in na samu wayar fitilar taya huɗu a dashbod, ina haɗa ta yadda da an shiga giyar taya huɗu, 4H ko 4L, kurus ɗin ya mutu. Dama Jimny ba a tafiya da ita a taya huɗu bisa busasshiyar kwalta, tana ɗaure kanta ta wahalar da giya.

Mai Jimny na Arkilla:
Na dawo, jama'a. Na duba. Totur na igiya ne. Fedar kuloci ba makunni a jikinta, sai wani rami da babu komai ciki. Ƙwayayen birki LED ne, wanda ya sayar mini ya canza su. Tayu kuma 215/75 R15 ne, an ce ba su ne na asali ba.

Na karanta maganar kowa. Yaya Direba, ban raina taka ba, don ita ta sa na zauna na lissafa inda zan iya kunna shi a hanyata. Daga Sakkwato zuwa Boɗinga babu, cunkoso ne. Cikin garuruwa babu, ranar kasuwa babu, kusa da shingen jami'an tsaro babu, da dare kuwa dama ba na tafiya. Abin da ya rage 'yan tsakanin gari da gari ne inda ido ke kaiwa nesa. Ba su da yawa, amma ko minti goma ƙafar ta samu ta miƙe, ina ganin zan isa Jega da ƙafar da za ta iya taka birki.

Oga Wayarin:
Madalla. Ramin nan alheri ne, nan makunnin zai zauna ba sai an yi walda ba. Tayunka kuma ka sani: na asali 205/70 R15 ne, waɗanda ke ƙafarta sun fi su girma da kusan kashi 5 cikin ɗari. Saƙon da maleji ke samu ya ragu ke nan, inda a da zai nuna 84 yanzu 80 zai nuna. Kurus ɗin ba ruwansa, zai riƙe abin da ka ba shi, amma ka gwada da GPS na waya ka san gaskiyar gudunka.

Wajen saye, nemi mai moton lantarki, mai suna, mai takardar haɗi da zane a ciki. Rostra na Amurka suna yin irinsa. Wanda ya zo a leda ba takarda, ko kyauta ne ba na taɓawa. Farashi kuwa dala yake bi, wanda aka faɗa maka yau ba shi ne na mako mai zuwa ba. Duk wanda zai yi maka aikin, ni ko wani, ka tsaya a kansa: haɗi da dalma, ba murɗa waya a naɗe da salatif ba, don zafi yana narkar da gam ɗin, ƙura ta shiga. Wuta daga layin da ke mutuwa in an kashe makulli, da fiyus nasa. Na'urar nesa da salansa. In ka ji ya ce makunnin kuloci ba dole ba ne, ɗauki motarka ka tafi.

Direban Illela:
Ni har yanzu ba ni sa shi ga motata, ko da kyauta anka ba ni, rayukan mutane nika ɗauka. Amma Yallaɓai tunda ka ƙudurta, ran da za a gwada a kira ni. In zauna gaba, in gani da idona ya saki ga birki, ya saki ga kuloci, ya saki ga maɓalli, kowane daban. Kuma a zare hiyus ɗin birki a gani ko shina kamawa. In ya kama, a kwance shi nan take.

Mai Jimny na Arkilla:
Na yarda da sharaɗin, Yaya. Da kai za a yi.

Hajiya ta Mabera:
Don Allah in an yi gwajin fiyus ɗin a faɗa mana sakamako a nan. Ni ma ban taɓa gwada tawa haka ba, kuma da yara nake tafiya.

Oga Wayarin:
Za a faɗa, Hajiya. Taki ta kamfani ce, tsarinta daban, amma ki kawo ta a duba makunnin birkin, ba ya ɗaukar lokaci. Malam, kafin ka yi odar komai turo mini hoton bakin totur ɗin daga sama da daga gefe, in ga inda igiya ta biyu za ta kama, da hoton bayan maleji in ka iya zaro shi. Ka sayi ƙwayayen birki na gargajiya guda biyu ka taho da su. Ka zo da safe kafin rana ta yi, a bar injin ya huce tukuna.